Igwar Ganin Wata ta Malam Jibril

In ana lissafin mutanen da Allah ya ba su baki ya hana su birki, to a unguwar Dala ba a tsallake Malam Jibril. Dogo ne mai yalwar riga, ya yi shekara ashirin da huɗu a ofishin safiyo yana ɗaukar wa masu awon fili ƙafafun injinsu, amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse shi ya auna Kano tun daga Ƙofar Ruwa har Ƙofar Nasarawa da tafin hannunsa. Unguwa ta san shi sarai. In ya ce ana ruwa, sai an leƙa waje kafin a kwashe shanya.

Abin nan kuwa yana ci masa rai ba kaɗan ba. Burinsa a duniya bai wuce ko sau ɗaya ya faɗi magana a ce, “Malam Jibril ne ya faɗa,” a miƙe a yi aiki da ita. Mutum ɗaya tak ke yi masa haka, wansa Yero, da ke can ruga yana kiwon shanu. Shi Yero bai taɓa zama a majalisar Dala ba, don haka har yanzu a wurinsa ƙanin nan nasa na birni shi ne ƙarshen ilimi.

Shekarun nan ne da gari ya birkice, yau bam gobe harbi, an hana acaɓa, kowace ƙofa da shingen sojoji, ƙarfe takwas kowa ya shige gida ya ja ƙyaure. Baƙi na ta tattara nasu ya nasu. A wurin gwanjon kayan wani Bature injiniya mai barin gari ne Jibril ya ci karo da madubin hangen nesa, fari sol, ya kusa tsawon mutum, kaurinsa kamar turmi, ga ƙafafu uku, ga kyamarar da ake ɗaura masa a baya. Da ya ga ƙafafun nan uku sai ya ji kamar ya ga ɗan uwansa. Nan take ya buga wa Yero waya ya ce a sayar da bijiminsa na ƙarshe da ke garke, aikin addini ne ya taso. Yero bai ce me ya sa ba, ya sayar.

Aikin addinin kuwa shi ne ganin jinjirin watan Sallah. Shekara talatin, Malam Mailafiya, wani tsohon maɗinki mai ƙarancin magana, shi ke hawa dutsen Dala ya duba wa unguwa wata da idonsa, in ya gani ya shaida wa mai unguwa a kai gaba. Wannan kujerar Jibril ya ƙyalla ido a kai.

Aka ɗora akwatin a kura, ’yan dako biyu na turawa, shi yana gaba yana baza riga. Sai ga shinge a Ƙofar Ruwa. Soja ya daki akwatin da bakin bindiga.

“Mene ne a ciki?”

Da wani ne sai ya ce madubi ne ya yi shiru. Amma ina! Jibril ya gyara hula ya ce, “Samari, abin da ke cikin nan ya fi ƙarfin saninka. Daga nan in na saita shi, ko barikinku ba zai ɓuya mini ba. Kuma ba ya kuskure.”

Sojan ya ɗaga murfi, ya ga farin bututu a kwance cikin soso. ’Yan dako suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kafin Jibril ya ce “a kimiyyance” har an sa shi kama kunne, ya shiga tsallen kwaɗo daga wannan buhun yashi zuwa wancan, babbar riga na share titi. Ya yi zuwa bakwai kafin wani hafsa ya fito, ya leƙa ta cikin abin, ya tuntsire da dariya, ya ce a sallami tsoho ya tafi da tarkacensa. Shi ya tura kurar da kansa har gida.

Da la’asar sai ga shi a majalisa yana ɗingishi.

“Sojoji ne suka tsare ni,” in ji shi. “Shawara suke nema a kan tsaro. Da ƙyar na samu suka bar ni.”

Gwaggo ’Yardada, ƙanwar babansa, tana gefe da farantin dafaffiyar gyaɗarta. Ita kuwa ta biyo ta Ƙofar Ruwa a daidai lokacin da ake sa shi tsallen.

“Ikon Allah,” in ji ta. “Ashe yanzu a tsugune ake ba soja shawara, hannu a kunne?”

“Gwaggo, motsa jiki ne. Ba za ki gane ba.”

“Na gane mana, ɗan nan. Har na ƙirga maka.”

Jibril ya yi kamar bai ji ba, ya juya ga Malam Mailafiya, ya shiga bayani. Wannan ba irin madubin ’yan kallon ƙwallo ba ne. Gilashi uku ne a jere a bakinsa, kowanne yana gyara kuskuren ɗan uwansa, shi ya sa duk abin da ka duba ba ya yin gefe ja ko shuɗi kamar bakan gizo, tas yake fitowa. Sunansa afokiromatik. Ya maimaita sunan sau uku, kowanne da irin lanƙwasarsa.

“Bana, Malam, ka huta,” in ji shi. “Zamanin ƙifta ido a sama ya wuce. Ni zan ga wata, in ɗauki hotonsa, in kawo muku shi a hannu.”

Mailafiya ya ci gaba da jan carbinsa. “Allah ya nuna mana.”

“Ni ai sai dai in nuna muku.”

“To, Allah ya nuna maka.”

Tun daga ranar unguwa ta raɗa wa madubin suna Igwa.

A gida, matarsa Adama ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon abin da ya cinye rabin tsakar gida.

“Malam, wannan ne bijimin?”

“Wannan ya fi garke, Adama.”

“To a ina ake tatsarsa?”

Azumi ya kama, Jibril ya ce sai an yi gwaji. A cikin birni kuwa kowa ya san ƙa’ida: namiji ba ya hawa soro sai ya ɗaga murya ya ce, “Za a hau sama!” don matan maƙwabta su kintsa, ya yi abin da ya kai shi ya sauko. Jibril ya yi kiran, ba a ce bai yi ba. Sai dai da ya hau da hantsi, bai sauko ba sai da aka kira magariba. Washegari haka. Jibi haka. Gida shida a kewaye, mata suka koma daka da mayafi, wanka kuwa sai an jira duhu. Ga shi da bakinsa ya faɗa a majalisa cewa Igwa na iya hango ƙwayar gero a cikin rufaffiyar tukunya. Magana ta zaga, ta dawo a cewa tana ratsa katanga.

A rana ta uku ne ya ce bari ya duba lafiyar rana. Ya juya bakin Igwa sama, haske ya dame shi, ya cire hularsa zanna bukar ya kare wurin sa ido da ita yana lalube. Sai ya ji ƙauri. Ya duba hagu, ya duba dama, har ya leƙa ƙasa ya ce, “Adama, girkinki na ƙonewa!”

“Wane girki da azumi tsaka da rana? Malam, hularka ce!”

Ya yi wurgi da ita, ta faɗa gidan maƙwabta tana hayaƙi, a tsakiyar shanyar kuɓewa. Ihu ya tashi. Kafin la’asar mata goma sha ɗaya sun aika mazansu ƙofar mai unguwa, Gwaggo ’Yardada na gaba riƙe da hular a tsinke, rami a tsakiyarta ya isa a zura yatsa biyu.

“Ranka ya daɗe, ga shaida,” in ji ta. “Allah ne ya so shi, hular ta fanshi idon. Da yanzu da ido ɗaya zai nemo mana watan.”

“Gwaji ne, ranka ya daɗe,” in ji Jibril. “Kuma ya yi nasara. Yanzu mun tabbatar gilashin na aiki.”

Mai unguwa ya dafe kai. Ya yanke hukunci: soro dai an hana har abada. In yana son duban sama, ga dutsen Dala nan, ranar ashirin da tara ya hau tare da Malam Mailafiya da ’yan sintiri, kowa ya duba da abin da Allah ya hore masa.

Jibril ya fito yana cewa mai unguwa ya naɗa shi shugaban kwamiti.

Ranar ashirin da tara ga azumi, tun bayan la’asar aka fara hawa. Damina ce, yamma ta haɗa gajimare baƙi ƙirin a gindin sama. ’Yan sintiri huɗu suka ɗauki Igwa a kafaɗa kamar makara, jama’a na biye, don mutanen Dala ba sa barin kallo ya wuce su ko da bakinsu a bushe. Jibril ya ce shi zai riƙe curin ƙarfen da ke daidaita nauyin madubin, wai ba a ba jahili irin wannan. Ana dab da kaiwa sama ya saki hannu ɗaya don ya nuna wa mutane inda watan zai fito. Ƙarfe ya sulluɓe. Ya gangara yana tsalle, ya yi sama, ya dira a kan rufin kwanon wani shagon itace a gindin dutse.

Daram!

Wayyo, a shekarun nan ko faranti ya faɗi sai an yi salati, balle wannan. Masu ƙosai suka bar kasko a wuta, masu a-daidaita-sahu suka juya ba sigina, wani mai lemo ya kwanta a ƙarƙashin teburinsa yana kalmar shahada. A kan dutse kuwa ’yan sintirin da aka ɗauka don jarumtaka suka dire Igwa suka yi rub da ciki. Sai da ƙura ta lafa aka ga babu wanda ya ji ciwo, sai rufi da ya samu sabuwar taga.

“Wannan ƙarfen dama ado ne,” in ji Jibril, yana kaɗe riga. Ya tsinci wani dutse, ya naɗe shi a rawaninsa, ya rataya a madadinsa. Igwa ta tsaya a karkace tana lilo.

Rana ta faɗi, aka kira salla daga masallatai ta ko’ina, aka sha ruwa da dabino, aka yi magariba a nan kan dutse. Malam Mailafiya ya koma gefe ya zauna a kan buzunsa, ya kafa ido a ƙasa-ƙasa, daidai inda rana ta shige. Gajimare ya toshe wurin ruf. Jibril kuwa ya manna ido yana juya Igwa, dama baƙi, hagu baƙi. Zufa ta karyo masa. Ya ji ’yan dariya ƙasa-ƙasa a bayansa, ya ji muryar Gwaggo tana tambaya ko a kawo masa fitila ya haska. Ya san in ya sauka dutsen nan hannu rabbana, shi da buɗe baki a majalisa sai dai hamma. Ya ɗaga bakin Igwa sama, ya ƙara ɗagawa, inda gajimaren ya yage.

Sai ga shi. Siriri, fari tas, a lanƙwashe kamar yankan farce, ba ja ba shuɗi a gefensa.

“Allahu Akbar! Ga shi! Wallahi ga shi!”

Ya yi maza ya ɗaura kyamara ya danna. Hoto ya fito a bayanta, jinjiri sak, ko makaho ya shafa ya san jinjiri ne. Aka yi caa a kansa. Wannan ya leƙa ya yi kabbara, wancan ya leƙa ya ce gobe Sallah. Masu waya suka ɗauki hoton hoton. Wani ɗan sintiri ya ruga ƙasa yana shela, kafin ka ce kwabo an fara guɗa a lunguna, kaji sun fara kuka a hannun mata. Wani dattijo da bai taɓa amsa masa magana da “haka ne” ba ya kama hannunsa ya ce, “Malam Jibril, ashe gaskiya ka faɗa.” Jibril ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi, har da ’yar ƙwalla.

Bai jira mai unguwa ba, bai jira kowa ba, ya zaro waya.

“Hamma Yero! An ga wata! Ni na gan shi da idona, har na ɗauki hotonsa. Gobe Sallah, ka gaya wa kowa!”

“Alhamdu lillahi,” in ji Yero daga can nesa. “Tunda kai ka faɗa, Jibrilla, shi ke nan.”

Sai a lokacin Malam Mailafiya ya naɗe buzunsa ya taso. Bai ce a ba shi wuri ba, jama’a ce ta dare. Ya sa ido a madubin ya daɗe. Ya ɗago, ya koma bayan Igwa, ya kwantar da kunci a jikinta, ya bi tsawonta da kallo har sama.

“Malam Jibril, zo ka tsaya nan. Bi bakin abin nan da idonka. Me ka gani a can?”

“Tauraro ne.”

“Wanne?”

Jibril ya sake ɗaga kai. Tauraruwar na can tana ƙyalli ita kaɗai, ta fi kowace haske, wadda ko yaron goye a Kano ya san sunanta.

“Zara ce,” in ji Mailafiya. “Ita ma takan rame ta lanƙwashe in lokacinta ya yi, ido ne ba ya kai wa. Madubinka ya kai, ba shi da laifi, abin da ka nuna masa ya nuna maka. Amma watan kwana ɗaya ba ya hawa can. Yana bin rana ne a gindi, kuma da yana nan da tuni ya shige.”

Sai muryar Gwaggo ’Yardada ta tashi.

“Zara matar wata? La ilaha illallahu! An aike ka kiran maigida, ka je ka ɗauko mana hoton matarsa! Kai dai, Jibrilu, leƙen matan mutane ya bi ka har sama.”

Dariyar da aka yi a kan Dala ranar, na tabbata an ji ta a Gwauron Dutse. Masu kabbara ɗazu su suka fi kowa riƙe ciki. Dattijon da ya kama hannunsa ya goge tafinsa a riga.

“A kimiyyance,” in ji Jibril, “inda matar take, mijin ba ya nisa...”

Ba wanda ya tsaya jin ƙarshen. ’Yan sintiri suka ce kafaɗunsu sun gaji, ƙarfe takwas kuma ta kusa. Shi ya sauko da Igwa a rungume, yana hutawa a kowane mataki, a ƙasa kuma ga matan da suka riga suka yanka kaji suna jiran sa da baki. Bayan isha rediyo ya sanar ba a ga wata ba, gobe a cika talatin.

Yana shiga gida ya fara neman Yero. A kashe. Ya sake, a kashe. A ruga ba a barin waya a kunne, caji sai ranar kasuwa. Fita kuwa babu hali, dokar hana yawo ta hau.

“Ai zai ji a rediyo,” in ji Jibril, yana lallashin kansa.

Adama ta dube shi. “Hamma Yero? Bayan kai ka gaya masa?”

Da safe ya yi niyyar ya bi motar farko, sai ya leƙa ya ga majalisa ta cika tun da sassafe, kowa fuskarsa na kallon ƙofarsa. Ya koma ya ce zazzaɓi yake ji.

Azahar ta gota, rana ta take, unguwa ta yi laushi da azumin talatin, sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya a bakin lungu. Yero ya fito cikin sabuwar shadda, da malafa, ido ya sha kwalli, ƙwaryar fura da nono a hannu ɗaya, ƙunshin soyayyen nama a ɗayan, yana tauna goro jajir. Ya nufi majalisa da fara’arsa.

“Salamu alaikum! Barkanmu da Sallah! Ina Jibrillan? Tun da hantsi muka sauko idi, gida arba’in, har da na rugagen maƙwabta. Limaminmu ya so ya yi gardama wai rediyo ya ce ba a gani ba. Na ce masa, rediyo yana da injin ganin wata ne? Ƙanina ya gani da idonsa!”

Babu wanda ya yi dariya. Wallahi ko Gwaggo sunkuyar da kai ta yi. Yero ya dubi busassun leɓɓan mutane ɗaya bayan ɗaya, taunar goron ta tsaya. Malam Mailafiya ne ya ja shi gefe ya gaya masa a hankali.

Aka kira Jibril ya fito, ba hula, ba zazzaɓi. Yero ya ajiye ƙwaryar a ƙasa.

“Gida arba’in, Jibrilla. Da tsofaffin da suka kai ashirin da tara da ƙyar. Ni na bi su ɗaki-ɗaki na ce ka faɗa.”

“Hamma, ai abin da ya faru, shi gilashin...”

“Sa takalminka. Da bakin da ka gaya mini za ka je ka gaya musu.”

Jibril ya sa takalmi, ya bi bayan wansa, majalisa ta buɗa musu hanya. Sun kai bakin lungu bakin nan nasa ya sake motsi, don hali zanen dutse ne.

“Amma dai, Hamma, in ka ga hoton...”

Yero bai ko waiwayo ba.

“Yi shiru ka lallaɓa azuminka,” in ji shi. “Duk ’ya’yan babanmu yau kai kaɗai ke da shi.”